Yadda Za Ka Horar da Kanka Auna Fahimta na Turanci da Rubutun Kimiyya da Lafiya

A takardar Turanci ta biyu ta WAEC, wadda ake zaman awa biyu a kanta, maki 100 ake rabawa: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ka ga ke nan rabin makin na wanda ya iya karanta abin da aka ajiye masa ne ya gane, ko da bai iya tsara zance ba. A JAMB ma, cikin tambayoyi 180 da ake amsawa a kwamfuta, 60 na Turanci ne, kuma akwai matanin karantawa da na cike gurbi a ciki. Tsarin NECO bai yi nisa da na WAEC ba.

Ni malamin Turanci ne. Da safe ina aji, bayan la'asar kuma ina lesin a wani zaure a Tudun Wadan Zariya, yara na zuwa daga Gyallesu da Tudun Jukun, wasu har daga cikin birni. Wannan rabin da na ambata shi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sai ka ga yaro ya haddace yadda ake buɗe wasiƙa da yadda ake rufe ta, ya cika baki da manyan kalmomi, amma a miƙa masa sakin layi biyar a kan kwalara sai gumi ya karyo masa. Hanyar da nake bi da su ba ta bukatar aji, kana iya bin ta kai kaɗai a ɗakinka.

Labarin hira da na tarihi duk suna da amfani, amma ban ga abin da ke gyara karatun yaro da sauri kamar rubutun kimiyya da lafiya ba. Marubucin kimiyya ba ya kwana-kwana. Zai faɗi abu, ya faɗi abin da ya haddasa shi, ya faɗi abin da ya biyo baya, sannan ya kawo abin da za a yi. Buɗe kundin tambayoyin shekarun baya ka duba sashen taƙaitawa, za ka tarar a kan waɗannan tambayoyin suke yawo: kawo dalilai, kawo illoli, kawo mafita. Wanda idonsa ya saba da wannan tsari a rubutun zazzaɓin cizon sauro, zai gane shi ko da an kawo masa rubutu a kan cunkoson motoci a Legas.

Sannan yaron Zariya ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya kwanta zazzaɓi, ya raka wani asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ya san da bazara ake tsoron sanƙarau, masu ɗigon shan inna sun sha yin sallama a gidansu. Rabin maganar na cikin kansa tun kafin ya fara, saura ya yi kokawa da Turancin kawai. Kuma in ka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello, likitanci za ka ji, ko harhaɗa magunguna, ko aikin jinya. Irin wannan Turancin ne zai zama abincinsu na shekaru, gara haƙori ya saba tun yanzu.

Inda za ka samo abin karantawa

Kundin tambayoyin baya dole ne, ana samun sa wurin masu littattafai a kasuwar Sabon Gari ko a Samaru. Amma kada ka cinye shi tun farko, ka ajiye shi na ranar gwaji da agogo. Na kullum-kullum kuwa, littafinka na Bayoloji ya isa ka fara, ka ɗauki shafi guda ka karanta shi a matsayin Turanci, ba don haddar sassan fure ba. Takardar nan da ake naɗewa cikin kwalin magani a kemis, wadda kowa ke jefarwa, cike take da jimlolin sharaɗi da na gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya na da shafi a intanet inda ta yi wa kowace babbar cuta bayani da Turanci mai tsabta, haka ma NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, ga kuma shafin lafiya na jaridu irin Daily Trust. Ranar da kake da data ka sauke da yawa ka ajiye a waya.

In Turancinka na da rauni sosai, fara da abin da ka riga ka ji da Hausa a rediyo, sannan ka nemi irinsa da Turanci. Wannan na masu tasowa ne, bayan 'yan makonni ka daina, domin ranar jarrabawa babu mai share maka fage.

Karatu uku a matani ɗaya

Ga ɗan gajeren matani da na rubuta wa ɗalibaina. Abin da ke ciki ya faru da gaske:

"In 1854, cholera killed hundreds of people in one district of London within ten days. Most doctors at the time believed that the disease spread through bad air. John Snow, however, traced the deaths from house to house and found that most of them occurred near a single water pump. Although he could not see the organism responsible, he persuaded the authorities to remove the handle of the pump."

Karatun farko, ka bi shi daga sama har ƙasa ba tsayawa, ba ƙamus, ba biro. Kalmar da ba ka sani ba ka tsallake ta. In ka kai ƙarshe ka kife takardar, ka faɗi abin da aka ce da Hausa, da baki, yadda za ka gaya wa Mama in ta ce, "Me kake karantawa ne haka?" A nan zancen shi ne: kwalara ta kashe mutane a wata unguwa a Landan, likitoci sun ɗauka iska ce, wani ya gano ruwan famfo ne ya sa aka cire hannun famfon. In ba ka iya faɗar haka cikin jimla biyu ko uku ba, ba ka gane ba tukuna, kuma babu amfanin taɓa tambayoyi. Kada ka fassara kalma bayan kalma, wannan wani aiki ne daban kuma ɓata lokaci ne.

Karatu na biyu, ka fara duba tambayoyin, sannan ka koma matanin da fensir. Yawancin yara manyan kalmomi suke ja wa layi, irin su "organism" da "authorities", saboda su ke ba su tsoro. Ni ƙananan nake sa a zagaye. Duba "however" a jimla ta uku. Ita ce ke gaya maka cewa abin da likitocin suka yi imani da shi marubucin bai yarda da shi ba. Duba "believed": an ce sun yi imani, ba a ce haka abin yake ba. Duba "most" da ta fito sau biyu: yawancin likitoci, yawancin mamatan, ba duka ba. Duba "although". Waɗannan kalmomi kamar kwanar Kwangila suke, wanda ya nufi Samaru bai kula da ita ba sai ya tsinci kansa a hanyar Kano, kuma yana ta gudu yana ganin daidai yake. Irin su "because" da "therefore" da "as a result" na nuna dalili da sakamako. "But", "yet", "whereas", "on the contrary" na juya akalar zance. "Unless" da "provided that" sharaɗi ne. In ka zagaye su duka ka dubi shafin, za ka ga tsarin maganar tun ba ka san ma'anar kowace babbar kalma ba.

Karatu na uku shi ne na amsawa, kuma sharaɗinsa ɗaya: kowace amsa sai yatsanka na kan layin da ta fito.

Tarkon da sani ke ɗanawa

A nan zan daɗe, don a nan masu ƙoƙari ke faɗuwa. Abin da ya sa rubutun lafiya ke da sauƙi shi ne ka san zancen, kuma shi ne haɗarinsa. Na taɓa tambayar 'yan lesin ko matanin nan ya ce cire hannun famfon ne ya kawo ƙarshen annobar. Wata ɗaliba mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ke burin likitanci, ta ce e.

Na ce, "'Yata, nuna mini layin."

Ta ce, "Malam, ai a bayyane yake. Tunda ruwan ne ke kashe su, aka hana ɗiba, dole ta tsaya."

Na ce, "Hankalinki ya yi aiki, amma layin nake nema."

Ta bi shi sau biyu ba ta samu ba, don babu shi. Matanin ya tsaya ne a kan cewa Snow ya shawo kan hukuma ta cire hannun famfon. A tarihi ma, annobar ta riga ta fara lafawa kafin a cire shi, domin mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Mai maki ba abin da ka sani yake aunawa ba, abin da ka karanta yake aunawa. Duk inda ka ga "according to the passage" ko "according to the writer", an rufe maka ƙofar ilimin Bayolojinka ke nan.

Abin ya fi tsanani in matanin na ba da labarin abin da mutane suka ɗauka. A ce an rubuta cewa mutanen wani ƙauye sun yi imani cin ɗanyen mangwaro ke kawo zazzaɓi, aka tambaye ka me suka ɗauka yana kawo shi. Amsar ita ce ɗanyen mangwaro. Kai ka san macen sauro ce ke ɗauko ƙwayar cutar, wataƙila har ka san Ronald Ross ne ya tabbatar da haka a Indiya a 1897. Ajiye shi, ka rubuta mangwaro. Yaron da ya rubuta sauro ya faɗi gaskiya kuma ya rasa makin.

Akwai tambayar da ke neman abin da ba a faɗa ƙarara ba, irin "What can be inferred". Ita ma ba izinin yawo ba ce. Daga matanin Snow kana iya cewa ra'ayinsa ya saɓa wa na yawancin likitocin zamaninsa, don "however" ta ba ka wannan. Ba ka iya cewa sun tsane shi. Taki ɗaya ake yi daga layin, ba uku ba.

Kalmomin taka-tsantsan su ma nan suke. Masu rubutun kimiyya ba sa son rantsuwa, shi ya sa rubutunsu ke cike da "may", "can", "tends to", "is likely to", "in some cases". Yaranmu kuma sai su karanta "may" su amsa da "will". Misalin da nake bayarwa shi ne na sikila, don kusan kowa ya san gidan da take. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS. Ba a ce in sun haifi huɗu dole ɗaya ne zai zama SS ba. Ana iya haifar huɗu babu ko ɗaya, ana iya samun biyu a jere. A zaɓin JAMB za ka ga an kawo maka jimlar matanin kusan sak, an canja "may" zuwa "always" kawai, ko "some" zuwa "all". Zaɓin da ke da "never", "only", "all", "always" ka dube shi sau biyu kafin ka danna. Ba kullum yake kuskure ba, amma sai matanin ya faɗa da irin wannan ƙarfi.

Tambayoyin nahawu da musayar kalma

Waɗannan ba su da wahala in an saba, zan bi ta kansu da sauri. WAEC kan ciro wani yanki ta ce ka faɗi sunansa a nahawu da aikinsa. A matanin namu, "Although he could not see the organism responsible" sunansa "adverbial clause of concession", aikinsa kuma bayani a kan aikatau "persuaded". Ka fara duba ko yankin na da aikatau mai nuna lokaci. In akwai, "clause" ne, in babu, "phrase" ne. Kuma sai ka ambaci ainihin kalmar da yake wa aiki, cewa "it modifies the verb" kawai bai cika ba.

A musayar kalma, abin da ka kawo sai ya zauna daram a gurbin. Madadin "persuaded" shi ne "convinced", ba "convince" ba, ba "convincing" ba. Cire tsohuwar, saka sabuwar, karanta jimlar a ranka. Kuma kalma ɗaya za ka bayar. Wanda ya jera uku don ko ɗaya ta dace, in akwai kuskure a ciki ya yi asara. Rubutun lafiya na koya maka kula da muhalli, don kalmomin da ka sani kan canja fuska a asibiti. "Positive" abin farin ciki ce a aji, a sakamakon gwajin tarin fuka kuwa labari ne mara daɗi. "Host" ba mai masaukin baƙi ba ne a nan, jikin da ƙwayar cuta ta samu wurin zama ne.

Ka samu ƙaramin littafi na ajiye kalmomi, amma kada ka rubuta su ɗaya-ɗaya, da danginsu za ka rubuta: "infect", "infection", "infectious", "disinfect". Ka lura da guntayen da ke maimaita kansu. Duk kalmar cuta da ta ƙare da "itis" kumburi take nufi, kamar "meningitis" da "hepatitis". "Hyper" yawa, "hypo" ƙaranci, "anti" yaƙi da abu. Ƙamus kuma sai bayan ka gama amsawa, ka fara cankar ma'anar daga jimlar sannan ka duba ko ka dace.

Taƙaitawa

Ta fi auna fahimta maki, kuma ita aka fi yi wa shan ruwan tsuntsaye. Labarin da nake son amfani da shi a nan na kurkunu ne, cutar da yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Tsutsa ce da ake kamuwa da ita ta shan ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari, bayan kamar shekara guda ta ɓullo ta fata, yawanci a ƙafa, ta kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke bukatarsa. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan Wusasa ya yi karatu a Kwalejin Barewa, na cikin waɗanda suka bi ƙauyuka tare da Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a kan wannan aiki.

Nemo rubutu a kan wannan da Turanci, ka tambayi kanka irin tambayar WAEC: a jimla uku, kawo matakan da aka ɗauka. Za ka tarar marubucin ya cika shafi da misalai da sunayen garuruwa da labarin wahalar manoma. Duk wannan ado ne. Matakan su ne tace ruwa, samar da rijiyoyin burtsatse, da hana mai tsutsa shiga tafki. Sai ka rubuta kowanne a cikakkiyar jimla gajera, misali "People were taught to filter their drinking water." In ka rubuta "Filtering of water" ka tsaya, ba jimla ba ce, za a rage maka. In ka kwafo layin marubucin sukutum da guda, shi ma laifi ne. In ka ƙara misali ko bayanin da ba a nema ba, ka buɗe wa kanka ƙofar kuskuren nahawu a banza. Duk abin da ya biyo bayan "for example" ko "such as", a bar shi a can. An ce jimla uku, ka ba da uku.

Agogo, allo, da duba kai

A WAEC ana ba da shawarar minti 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa, 50 ga insha'i. A JAMB, in ka raba awa biyu ga tambayoyi 180, daƙiƙa 40 kowace ke samu. Matani ɗaya a rana ya isa, bayan asuba in za ka iya, kafin gida ya tashi da hayaniya. Makonnin farko kada ka sa agogo, gane abu ake nema. Daga baya ka ware rana guda a mako ka ciro matani daga kundin tambayoyin baya, ka zauna da agogo, ba tashi ba waya. Mai zuwa JAMB kuma lallai ya saba karatu a allo. A kwamfuta babu fensirin zagaye kalma, matani na iya wuce tsawon allon sai ka riƙa hawa da sauka, ido kuma na gajiya da wuri. Ka je wurin da ke da kwamfuta ka gwada ko da 'yan lokuta ne kafin ranar.

In kuna da abokai ku haɗu uku, kada ku wuce haka, in an yi yawa hira ake komawa. Ɗaya ya faɗi sakin layi da Hausa takarda a kife, ɗaya ya ƙirƙiro tambaya, na ukun aikinsa kawai ya riƙa cewa "nuna mini layin".

Bayan kowane gwaji, kada ka tsaya a ƙirga abin da ka ci. Gefen kowace amsar da ka faɗi, rubuta dalili da Hausa: daga kaina na amsa, ban ga ƙaramar kalma ba, ban san kalmar ba, ko lokaci ya ƙure. Bayan mako biyu ka duba wanne ya fi yawa. In rashin sanin kalma ne, ƙara yawan karatu da littafin kalmominka. In lokaci ne, mai yiwuwa kana motsa leɓe kana furta kowace kalma, ko kana komawa farkon jimla sau da yawa, sai ka sa kati a saman layin kana janyo shi ƙasa yana rufe abin da ka wuce. In kuwa "daga kaina na amsa" ce ta cika shafin, to na mako guda ka bar rubutun cututtukan da ka sani, ka koma kan abin da ba ka da masaniya a kai, irin aman wutar duwatsu ko rayuwar kifayen ƙarƙashin teku, sannan ka dawo.